Masu ɗauke da cuta sun ƙaru, masu kamuwa sun ragu: wane irin lissafi ne wannan?

Muryar_Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiyarmu, kuma don Allah kar a yi mini dariya. Ni ke fassara labarai daga Faransanci zuwa Hausa a wani gidan rediyo nan cikin Maradi. Ranar 1 ga Disamba, ranar yaƙi da sida (ƙanjamau) ta duniya, aka miƙo mini takarda saura minti goma in shiga labarai. Layin farko ya ce a 2023 masu ɗauke da ƙwayar cutar a duniya sun kai miliyan 39 da dubu 900, sun fi na shekarun baya. Layi na biyu ya ce waɗanda suka kamu cikin shekarar miliyan 1 da dubu 300 ne, alhali a 2010 miliyan 2 da dubu 100 suka kamu. Na ce a raina, ai ba a cewa ruwan sama ya ɗauke kuma Gulbi na ƙara cika, ɗaya daga ciki kuskuren bugu ne. Sai na yar da layi na biyu, na shaida wa jama'a cewa sida na ƙara yaɗuwa a duniya. Ban gama tattara takarduna ba wani dattijo ya bugo waya ya wanke ni tas, ya ce na tayar wa mutane da hankali a banza, in tafi in koyi bambancin firebalans da ansidans. Kalmomin na sha jin su, amma wallahi na ɗauka tafiyarsu ɗaya. Wa zai warware mini da Hausar da tsohuwata za ta gane?

Kamasho_Tasha:
Ashe kai ne! Muna fada muna shan shayi muka ji ka. Wani ma cewa ya yi daga ranar ya bar zuwa wurin wanzami.

Muryar_Bagalam:
Ka ji ko. Abin da nake gudu ke nan.

Majo_MaiRitaya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, dattijon nan gaskiya ya gaya maka, amma kar ka ji kunya, na ga masu manyan takardu sun faɗa ramin nan. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina cika rajista a CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, bari in ba ka yadda nake koya wa sabbin ma'aikata.

Tambayoyi biyu ne daban. Ta farko: yau, in na bi gari gida-gida, mutum nawa zan tarar da ciwon a jikinsu? Ban damu ba ko jiya ya kama su ko shekara goma ke nan. Wannan ita ce firebalans. Ta biyu: daga wata kaza zuwa wata kaza, cikin waɗanda suke lafiya lau, mutum nawa ciwon ya kama? Wannan ita ce ansidans. Duk wanda ya ba ka ta biyun bai ce maka a sati ba ne, ko a wata, ko a shekara, to rabin magana ya ba ka.

Dawo kan sida. Da can, wanda ciwon ya kwantar ba ya daɗewa, mun raka mutane da yawa maƙabarta. Tun da maganin ARV mai danne ƙwayar sida ya wadata, mutum na shan ƙwayarsa kullum, ya yi nomansa, ya aurar da ɗiyansa. Bai warke ba, bai kuma mutu ba, saboda haka sunansa na nan cikin lissafi. A 2004 mutum kamar miliyan 2 ta kashe, a 2023 kuwa dubu 630. To ka duba: miliyan 1 da dubu 300 sun shigo, dubu 630 sun fita. Yaya taro ba zai ƙaru ba? Layukan nan biyu duka gaskiya ne, kuma wanda ka yar shi ne mai albishir.

Kamasho_Tasha:
Baba Majo, in na gane, wannan ai aikinmu ne na tasha. Motar Ɗan Isa ba ta rabin awa ta cika ta tashi, wata ta maye gurbinta. In ka zo da azahar mutum biyar ko shida za ka gani a wurin. Motar ƙauye mai nisa kuwa tun hantsi ake lodi, fasinja na zaune da kajinsu da buhunansu har la'asar. Baƙo in ya shigo sai ya ce nan ne kasuwa ke ci. Amma mu da ke riƙe da kuɗin kamasho mun san inda mutane suka fi wucewa a wuni.

Majo_MaiRitaya:
Allah ya yi maka albarka. Da ina da kai lokacin da nake aiki, da na huta da zane a allo.

Dalibar_UDDM:
Kawu Kamasho ya gama mana darasin da muka yi sati biyu a kansa a jami'a. A lissafi haka yake: in abubuwa na tafiya daidai ba hawa ba sauka, yawan masu ɗauke da ciwo kusan daidai yake da yawan masu kamuwa sau tsawon lokacin da ciwon ke zama a jiki. A ce gari mai mutum 10,000, misali kawai nake bayarwa. Kwalara ta kama mutum 300 cikin shekara, kowa kwana biyar ya yi, ko ya tashi ko Allah ya karɓi abinsa. In ka raba, a rana ɗaya mutum huɗu za ka tarar kwance. Ciwon suga kuma ya kama mutum 30 kacal a shekara, amma kowa zai zauna da shi shekara 15. Duk ranar da ka shigo garin za ka tarar da mutum 450. Wadda ta fi kama mutane sau goma ita ce ba ka gani.

Sai dai yaya Muryar_Bagalam, ƙarin bayani: miliyan 39 ɗin nan ƙidayar kawuna ce. Firebalans ta ainihi sai an raba da yawan jama'a, a ce kaza cikin 100 ko cikin 1,000.

Ungozoma_Tibiri:
Ɗiyata, misalinki na kwalara da gyara. Kwalara ba ta bin kwanakin shekara daidai wa daida. Zuwa take yi kamar ambaliya, sati shida ta gama ɓarnarta ta wuce. Wanda ya ga 2018, lokacin da ta tashi daga wajen Madarunfa cikin watan Yuli har ta kama sama da mutum 3,000 a ƙasar, ba zai ce maki mutum huɗu ke kwance a rana ba.

Dalibar_UDDM:
Gaskiya ne Inna, shi ya sa na ce in ba hawa ba sauka. Lokacin annoba wannan lissafin ba ya aiki, sai dai a ƙirga sabbin kamu rana-rana. Na gode da gyara.

Alhaji_MaiAtamfa:
Ni duk wannan ban yarda da shi ba. Lissafi biyu aka ajiye don a riƙa juya mu. Ranar da ake neman kuɗin furoje sai a ɗauko babbar lamba a ce ga bala'i. Ranar da za a yi rahoton aiki sai a ɗauko ƙarama a ce an ci nasara. Ɗan kasuwa ne ni, na san mai mudu biyu in na gan shi.

Majo_MaiRitaya:
Alhaji, ban ce ba a yi ba. Ana yi. Amma maganin mai mudu biyu shi ne ka san mudun, ba ka bar cin hatsi ba. Kai kanka littafi biyu gare ka: na kayan da ke jibge cikin shago, da na abin da ya shigo wannan wata. In atamfa ta cika maka shago, ko ka saro da yawa ne, ko ba ta fita. Da ganin tulin kaɗai ba a sani.

Alhaji_MaiAtamfa:
Bana kam ba ta fita, ranka ya daɗe. Kar ka fama mini ciwo.

Mai_Awon_Hannu:
Ina karantawa tun ɗazu, na ce sai na sa baki, don mu masu aikin tamowa wannan bambancin shi ke hana mu barci.

Kowace shekara ana binciken SMART, wato binciken yawan yara masu tamowa. A zaɓi garuruwa, a shiga gidaje, a auna yara ƴan wata 6 zuwa 59: nauyi, tsawo, da zaren awon damtse. Wanda damtsensa bai kai milimita 115 ba ya faɗa ja, tamowa mai tsanani ke nan. A ƙarshe a ce kashi kaza cikin 100. In tamowa gaba ɗaya, mai tsanani da matsakaiciya, ta kai kashi 15, an shiga matakin gaggawa. To wannan lambar ta yaran da aka tarar ranar awo ce kawai. Yaron da ya rame a watan Afrilu ya murmure a Yuni ba ya ciki. Wanda zai rame a Oktoba bayan masassara ta kayar da shi ba ya ciki. Wanda aka binne sati biyu kafin masu awo su iso, shi ma ba ya ciki.

Mu kuwa kwalin biskit, abincin jinyar tamowa, na shekara guda za mu yi oda, kowane kwali ƙunshi 150. Ba yaran rana ɗaya za mu ciyar ba, duk wanda zai faɗa cikin wata 12 ne. Sai aka ce a ɗauki lambar binciken a ninka ta sau 2.6. Daga ina 2.6 ta fito? An ƙaddara cewa tamowa mai tsanani, in ba a yi magani ba, tana ɗaukar wata bakwai da rabi. Raba 12 da 7.5, ka samu 1.6, ka ƙara 1 na waɗanda aka riga aka tarar. Shi ke nan.

Amma wani bincike da aka yi da yaran nan jihar Maradi, aka buga shi a 2011, ya samu kamar kwana 45 ne, ba wata bakwai da rabi ba. Raba kwanakin shekara da 45, abin ya doshi 8 maimakon 1.6. Ma'ana motar tamowa irin ta Ɗan Isa ce da Kamasho ya faɗa, saurin tashi gare ta, kaɗan kake gani a tasha alhali jama'a ce ke wucewa. Na taɓa ganin shekarar da kaya suka ƙare mana tun damina ba ta fita ba, ina tsaye gaban iyaye mata da suka yi tafiyar ƙafa tun asuba, ban da abin ba su. A takarda kuwa mun zarce adadin da aka tsara mana, har ana tambayarmu ko yaran ƙarya muke rubutawa.

Ungozoma_Tibiri:
Allah sarki. Kuma kwana 45 ɗin nan kar wani ya ɗauka duka warkewa ce.

Mai_Awon_Hannu:
Shi ne abin da ke ci mini rai, yaya. Ƙofar fita biyu ce. Ciwon da ke kisa da sauri kullum lambarsa ƙarama ce ranar awo. Waɗanda suka yi aiki a 2005 sun san haka, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar, mafi yawansu nan jiharmu.

Bakatsine_Jibiya:
Ku kuma faɗi gaskiya, cikin yaran da kuke ƙirgawa akwai namu. Matanmu na ƙetarowa Ɗan Isa da Madarunfa neman magani, ba yau aka fara ba.

Majo_MaiRitaya:
Ka taɓo wata babbar matsala, ɗan uwa. A sama ka rubuta duk wanda ya zo likita, har da baƙi daga ƙetaren iyaka. A ƙasa ka raba da mutanen yankinka kaɗai, su ma ƙiyasi ne daga ƙidayar 2012, lokacin da aka ce jihar Maradi na da mutum miliyan 3 da dubu 400. Yaran da aka haifa shekarar ƙidayar yanzu sun isa shiga kwaleji. In ƙasan lissafi ya gurɓata, ko wace lamba ka fitar a sama gurguwa ce.

Kamasho_Tasha:
Bakatsine, ku riƙa biyan kuɗin tasha dai in kun zo.

Bakatsine_Jibiya:
Sai kun biya na man fetur ɗin da kuka sha shekara da shekaru.

Uwar_Biyu_Zariya:
Don Allah ku bar wasan nan in yi tambaya. Ɗana ƙarami sau uku palu, zazzaɓin cizon sauro, ta kayar da shi daga Agusta zuwa Oktoba. Sau uku muka je CSI, sau uku aka rubuta shi. Shi mutum ɗaya ne ko uku a lissafinku?

Dalibar_UDDM:
Anti, a ansidans ɗin palu uku ne, don kamuwa ake ƙirgawa ba kawuna ba, kuma palu ba ta hana kanta dawowa. Shi ya sa a wurin da sauro ya yi yawa za ki iya ganin adadin kamuwa a shekara ya fi yawan yaran garin, ba kuskure ba ne. A firebalans kuwa ɗaya ne, ko ma babu, ya danganta da ko akwai ƙwayar a jininsa ranar da masu bincike suka zo. A binciken palu na ƙasa na 2021 kusan yaro 29 cikin 100 aka samu da ita ta gwajin jini na gaggawa da ake kira TDR, kuma da yawansu suna wasansu a tsakar gida, ba masassara ba komai.

Laborantin_AliDanSofo:
In ƙara a kan na ɗaliba. TDR ɗin da muke amfani da shi yana iya ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an sha magani an warke, don abin da ƙwayar ta bari cikin jini yake gani. Uwar_Biyu, in tsakanin zuwanku na farko da na biyu bai fi sati biyu ba, mai yiwuwa ne tsohuwar ce ta nuna, zafin jikin kuma wani abu ne daban ya kawo shi. Mu dai rajista ba ta tambaya, sabon layi muke buɗewa.

Uwar_Biyu_Zariya:
Ikon Allah. Tsakanin na biyu da na uku kwana goma ne. Kuma duk wata ana ba shi maganin nan na rigakafin palu, CPS, da ake bi gida-gida, sai dai na kwana biyun da ake bar mana a gida ba kullum yake yarda ya haɗiye ba, ɗaci gare shi.

Ungozoma_Tibiri:
Ki daure ki riƙa ba shi duka kwana ukun, ƙanwata, ko da ɗan suga ne. CPS ba don yaro mai ciwo aka yi shi ba, don a tare sabon kamu ne cikin watannin damina. In an sha rabi, kariyar ma rabi ce ko ƙasa da haka.

Alhaji_MaiAtamfa:
To ga tawa, tunda an ce in san mudu. Bara aka yi awon suga kyauta a unguwarmu, na je don abokaina sun je. Aka ce ina da shi, aka rubuta ni sabon kamu. Alhali shekara ta fi huɗu ina tashi fitsari sau biyar cikin dare, ina shan ruwa kamar raƙumi, na ɗauka tsufa ne. Ranar mutum da yawa aka samu. Sai a ce ciwon suga ya ɓarke a unguwarmu ranar Asabar ɗaya?

Majo_MaiRitaya:
Alhaji, yau ka yi tambayar malamai. Kai ba sabon kamu ba ne, sabon ganowa ne. Ka daɗe cikin tasha, ba a dai yanka maka tikiti ba. Duk lokacin da aka kawo sabon awo, ko aka buɗe likita kusa, ko aka sauƙaƙa kuɗi, lambobi sai sun yi tsalle. Na gani da idona bayan 2006 da gwamnati ta ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne: rajistarmu ta cika ta batse. Yaran ba ƙarin ciwo suka yi ba, da can a gida suke kwance ana jiƙa musu sassaƙe. Rajistar likita tana ƙirga wanda ya zo ne, ba wanda ya kamu ba.

Alhaji_MaiAtamfa:
Ka ga ni ma gaskiyata ta fito. Lambar ba abin yarda ba ce.

Majo_MaiRitaya:
Ban ce haka ba. Cewa na yi a tambaye ta daga ina ta fito.

Dan_Danja:
Ni kusa da asibitin Danja na tashi, inda aka daɗe ana jinyar kuturta, kuma labarin kuturta ya fi kowane nuna abin da Alhaji ke tsoro. A 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa buri: kafin shekarar 2000 masu kuturta su koma ƙasa da mutum 1 cikin 10,000. Da firebalans aka auna burin, wato waɗanda sunansu ke cikin rajistar shan magani. Da can mutum shekara da shekaru yake shan maganin dafson, wani har ya mutu sunansa na rajista. Da aka kawo haɗin magunguna a farkon shekarun 1980 sai jinya ta samu iyaka: wata 6 ga mai sauƙi, mai nauyi wata 24, daga baya aka rage zuwa 12. Wanda ya gama a cire sunansa. Sai adadi ya faɗo daga sama da miliyan 5 a tsakiyar shekarun 1980 zuwa ƙasa da miliyan 1 a 2000, aka ce an cim ma buri a duniya. Maganin na aiki, mutane sun warke da gaske, wannan ba gardama. Amma har yanzu kusan mutum 200,000 ake ganowa sababbi duk shekara a duniya. An gajarta zaman tasha ne, ƙofar shiga ba ta rufe ba. Mutanenmu da suka ji an ce an kawar da ita, sai mai tabo a fata ya ce ai ba ita ba ce, ya zauna har yatsu su mutu.

Muryar_Bagalam:
Kai! Wannan kishiyar tawa ce ke nan. Ni na ga babbar lamba na ce bala'i, su sun ga ƙarama suka ce an gama.

Mai_Keken_Hannu:
Ni kuma ga ni a ɗaya gefen. Shan-inna ta kama ni ina shekara uku, yau ina da jikoki. Ranar 25 ga Agusta 2020 da aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar foliyo ta daji, mai sa shan-inna, wani yaro ya dube ni a bakin kasuwa ya ce, Baba, an ce ciwonku ya ƙare, ya na ga ba ka tashi ba? Dariya na yi har na yi hawaye. Sabon kamu ya tsaya, alhamdu lillahi, ba na fatan ko maƙiyina ya ga ɗansa haka. Amma mu da ta riga ta taɓa muna nan, muna buƙatar keke, da taya, da matakalar da za mu iya hawa a ma'aikatu. In masu tsara kasafi lambar sabon kamu kaɗai suke kallo, mu mun zama sifiri.

Ungozoma_Tibiri:
Allah ya ƙara lafiya Baba. In ƙara don kar wani ya ce to me ya sa har yanzu ake bi gida-gida da ɗigon: akwai wani nau'in da ke ɓullowa inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, shi ake tarewa.

Malamin_Hausa_Tasawa:
Na bari masu sani su gama kafin in shigo ta ƙofata. Muryar_Bagalam, laifin ba naka kaɗai ba ne, na kalmar "yaɗuwa" ne. Mun mai da ita jakar magori, firebalans mu ce yaɗuwa, ansidans mu ce yaɗuwa. Alhali yaɗuwa motsi ce, daga wannan zuwa wancan, kamar wutar daji ko kabewa. In ka ce hawan jini na yaɗuwa, tsohuwa za ta ɗauka a kwanon sha ake ɗaukarsa. Shawarata: ta farko a ce "masu ɗauke da ciwo a halin yanzu", ta biyu a ce "sabbin kamu", a kuma faɗi cikin wane lokaci. Mu bar firebalans da ansidans a ɗakin karatu.

Uwar_Biyu_Zariya:
Malam, "masu fama da" bai fi daɗi ba? Ɗauke da kamar ana nufin ƙwayar cuta kawai.

Laborantin_AliDanSofo:
Fama sai wanda ya san yana da shi. Alhaji shekara huɗu yana ɗauke da suga, a ganinsa da tsufa yake fama.

Kamasho_Tasha:
Ni "sabon kamu" ɗin ne ke ba ni dariya. Haka ƴan gidan kaso ke kiran wanda aka kawo jiya.

Malamin_Hausa_Tasawa:
Ai misalin ma ya zauna. Gidan kaso na iya cika don ana kamu da yawa, yana iya cika don shari'a ba ta sakin kowa.

Muryar_Bagalam:
To Baba Majo, wacce ta fi muhimmanci? In minti ɗaya gare ni a labarai, wacce zan karanta?

Majo_MaiRitaya:
Ya danganta da ciwon, da kuma abin da kake so mai saurare ya yi. Ga hunturu ya shigo, sanƙarau na tafe da ƙura da zafin bazara. A nan ba ruwan kowa da firebalans, don ciwon kwana kaɗan ne. Kowane sati muke aika adadin sabbin kamu. In gunduma ta kai mutum 3 cikin 100,000 a sati, an shiga faɗakarwa. In ta kai 10, annoba ce, a fito da rigakafi. Jinkirin sati biyu a wannan lissafi rayuka ne. Ka tuna 2015, da nau'in C ya kama mutum sama da 8,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 500, bayan allurar MenAfriVac ta 2010 ta kwantar da nau'in A har mun fara sakin jiki. Amma in maganar yawan maganin hawan jini ko insulin da za a ajiye a farmasi ce, ko yawan keken da su Mai_Keken_Hannu ke buƙata, masu ɗauke da shi yanzu za ka ƙirga.

Dalibar_UDDM:
Kuma in ana son gano abin da ke jawo ciwo, sabbin kamu ake bi. In ka tsaya kan waɗanda ka tarar da rai kawai, kana iya ɗaukar abin da ya raya su a matsayin abin da ya sa musu ciwon.

Bakatsine_Jibiya:
Tambaya ta ƙarshe daga baƙo. Na ji ana cewa a Nijar kason masu sida raguwa ya yi, ba ƙaruwa ba. Ya aka yi naku ya saɓa wa na duniya?

Dalibar_UDDM:
Binciken 2006 ya samu mutum 7 cikin 1,000 tsakanin ƴan shekara 15 zuwa 49, na 2012 ya samu 4. Amma kaso na iya sauka ta hanya uku: sabbin kamu su ragu, ko masu ɗauke da ita su mutu, ko jama'ar da ake rabawa da ita ta ƙaru da matasa marasa cutar, mu kuwa wajen haihuwa ba a bar mu baya ba. Lambar ita kaɗai ba ta gaya maka nawa kowace hanya ta ci.

Alhaji_MaiAtamfa:
Wato ta hau ba a sani ba, ta sauka ba a sani ba. Ni dai na koma shago.

Muryar_Bagalam:
Ga gyaran da na rubuta na labaran ƙarfe takwas, ku duba mini: "A ranar 1 ga wata mun ce sida na ƙara yaɗuwa a duniya. Ba haka ba ne. Sabbin kamu sun ragu daga miliyan 2 da dubu 100 a 2010 zuwa miliyan 1 da dubu 300 a 2023. Masu ɗauke da ita ne suka ƙaru, saboda magani na tsawaita rayuwarsu." Shugabana ya ce daƙiƙa talatin zai ba ni, ba ƙari.

Majo_MaiRitaya:
Ya yi. Amma ka sa "a shekara" bayan kowace lamba, kar a ɗauka jimilla ce.

Ungozoma_Tibiri:
Ni ina tsoron "sun ragu" ɗin nan a kunnen samari. Ka ƙara cewa awo kyauta ne ga mata masu ciki a wurin awon ciki, ko da daƙiƙa biyar ce ka sata.

Malamin_Hausa_Tasawa:
"Tsawaita rayuwarsu" fa? Wani zai bugo ya ce rai na hannun Allah, ka sake shan wanki. Ka ce "saboda magani ya rage mace-mace, da ikon Allah".

Mai_Awon_Hannu:
In ka tsira daga wannan, ka nemo mu kafin watan Yuni. Rahoton tamowa zai fito, kuma na san da wace kalma za ku fassara shi.